Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin magani wankin kwalba ne. Ku da kuke zuwa yanzu, tun ranar farko kun sa farar riga kun tsaya bayan kanta, shi ya sa kuke ganin sana'ar ba ta wuce a karɓi takardar likita, a miƙa hannu, a zuba a leda ba. Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai ko mai sayar da alawa zai iya. Ban tanka ba, don akwai mutane. Yanzu tunda rana ta take, kasuwa ta lafa, ku jawo bencin nan ku zauna.

Na shiga koyo shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, ina saurayi, a ɗakin magani na wani asibitin gwamnati a nan Katsina. Maigidana a aikin sunansa Mista Bitrus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, dogo, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe a garin nan har in yana magana a bayan labule sai ka rantse haifaffen cikin birni ne. A lokacin yawancin magani mu ke haɗawa. Akwai turmi da taɓarya na tangaran, da sikeli mai 'yan duwatsun tagulla da ba a taɓawa sai da hantsaki, da manyan kwalabe na maganin tari da na ciki. Majiyyaci shi ke zuwa da kwalbarsa daga gida, wata ta man shafawa, wata ta kananzir. In na wanke, Mista Bitrus ya ɗauka ya kai hanci, ya mayar da ita cikin baho in sake wankewa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ban taɓa magani ba.

Ranar da ya fara sa ni hannu a magani, wata 'yar kwalba ya ɗauko mai ruwan ƙasa, tsawonta bai kai babban yatsa ba. Ya zazzago ƙwaya ɗaya fara, ba ta fi ƙwayar dawa ba.

"Lawali, zauna tukuna," in ji shi. "Ɗaga harshenka. Kar ka haɗiye, kar ka tauna."

Ban daɗe ba na ji fuskata ta ɗau zafi, kaina ya fara sarawa kamar ana daka a ciki. Na yunƙura zan miƙe, ya danna kafaɗata.

"Ka ji ko? To haka mai rai take. Ita ake ba wanda ƙirji ke kama shi saboda zuciya. Tana buɗe hanyoyin jini, zuciya ta samu sauƙin kaya. Duk wanda ka ba, ka gaya masa ya zauna kafin ya sa."

"Ta yaya take buɗewa, maigida?"

"Ban sani ba. Waɗanda suka koya mana ma ba su faɗa ba."

Abin da ya sani shi ne yadda take mutuwa. Zafi na kashe ta, haske na kashe ta, iska na kashe ta. Ba a ƙulla ta a takarda, ba a juye ta a leda, ba a cusa mata auduga. Mutanenmu kuwa aljihun gaba ne ma'ajinsu, nan goro, nan carbi, nan magani, yana manne da jiki cikin zafin bazara. Mutum zai yi wata da watanni yana yawo da gawar magani, ranar da ƙirji ya kama shi ya sa, ba abin da zai ji. Shi ya sa har yau in na miƙa kwalbar nan sai na ga inda aka sa ta.

Ma'aunin hawan jini shi ne abu na biyu da na koya. Ba irin naku mai batir ba, da ake danna maɓalli ya yi ƙugi ya rubuta. Dogon akwatin ƙarfe ne, in ka buɗe ga bututun gilashi da zaiba a gindinsa, ga ɗamarar da ake naɗawa a damtse, ga robar da ake matsawa. Ka sa abin saurare a kunne, ka hura ɗamara har jini ya tsaya, sannan ka riƙa sakin iska sannu sannu kana jiran bugun farko. Mai garaje zai wuce shi bai ji ba. Ina tuna wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ta taka tun daga Ƙofar 'Yandaka cikin rana. Na auna ta, na ga zaiba can sama, na ruga na gaya wa maigida. Ya ce a ba ta ruwa, ta zauna a inuwa. Ya bar ta ta gama ba shi labarin jikarta, sannan ya ce in sake aunawa. Jinin ya sauko ƙwarai.

"Jijiyar jini ba bututun famfo ba ce," in ji shi. "Tana damƙewa tana saki, kamar hannu. Kai kana auna ta ne a halin da ka same ta."

Bayan na yi shekaru a asibiti, na dawo wannan shagon na Ƙofar Kaura. Lasisin na wani mai digirin haɗa magunguna ne, ni ke tsaye a kanta. A nan na san mutane. Akwai mai cewa, "Ba ni mai ja da rawaya," bai san sunanta ba, bai san ciwonsa ba. Akwai wanda in ya ji sauƙi ya ajiye maganin hawan jini, sai ranar da aka kawo shi baki ya karkace. Akwai mai raba nasa da maƙwabci, don ciwon nasu wai iri ɗaya ne. Akwai mai haɗawa da jiƙo bai gaya maka ba. Kowannensu da yadda ake bi da shi, kuma ba a makaranta ake koya ba.

Cikinsu akwai wanda zan kira Alhaji Sada. Ba sunansa ke nan ba, kada ma ku tambaya. Aminin mahaifina ne tun suna yara, shi ya yanka ragon sunana, Baba nake ce masa. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa a nan kusa. Mutum ne mai jiki, mai raha, ya sha taba shekaru kafin ya bari. Ƙirji yakan kama shi in ya yi sauri ko ya hau matakala, likita ya rubuta masa ƙwayar ƙarƙashin harshe, a hannuna yake karɓa. Duk mako yakan shigo awo.

"Lawali, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali, ya tsohuwa? Ya haƙuri da mu?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Lahiya lau, sai godiya. Zo ka ɗaure ni da igiyar taka mu ji abin da za ta ce."

Ya naɗe hannun babbar riga, ya yi ta zuba ina ce masa ya yi shiru in ji bugu. Jininsa kullum a sama yake, na san inda nake tsinto shi a gilashin ko ban duba sosai ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya a aikin nan ita ce wadda soja suka sauka saukar ƙarshe, farar hula suka dawo. Gari ya cika da fastoci da lasifika, mu kuwa jabun magani ya cika mana kasuwa. Kwali iri ɗaya, hatimi iri ɗaya, ciki alli ko garin rogo. Masu tallar magani a tire suna yawo da shi a tasha, rana na dukansa tun safe. Wuta ba ta zuwa, firiji ya koma kabad. Sai na koma dabarar da: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a nan nake ajiye abin da ba ya son zafi. Ƙwayar ƙarƙashin harshe ta yi wuya. Nakan tafi Kano wurin dilan da na yarda da shi, wani lokaci in dawo hannu rabbana. Na jera kwalayen auduga da bandeji don kada katakon magani ya yi tsirara. Mutane da yawa suka koma wa masu tire, tunda su ba sa cewa babu. Wani tela da na saba ba magani, a kan kekensa aka same shi ya kife, ga ƙwayoyi ƙulle a takardar siminti a gefensa. Da aka kawo mini na duba, ko ɗacin magani babu a jikinsu.

A shekarar ce kuma wata shuɗiyar ƙwaya ta shigo garin, ta ƙarfin maza. 'Yan kwangila da 'yan siyasa ke dawowa da ita daga Legas da Abuja, ana ba juna kyautarta a ɓoye kamar turare mai tsada. Ba ta biyo ta hannun likita ba, ba ta biyo ta hannunmu ba.

Wata Asabar da safe aka tara mu masu kantin magani a wani aji a asibiti. Wadda ta kira mu Dakta Binta ce, 'yar garin nan, ba ta daɗe da dawowa daga ƙaro karatu a kan ciwon zuciya ba. Ta shigo da tire a rufe. Da ta yaye, sai ga wani farin abu dogo kamar tiyo, daga mahauta ta sa aka kawo, babbar jijiyar jinin bijimi. Ta sa almakashi ta tsaga ta, ta shimfiɗa, ta ce kowa ya zo ya shafa cikin. Na shafa. Santsi kamar cikin kumatu.

"Wannan santsin shimfiɗa ce," in ji ta. "Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne a jere kamar daɓe, kaurinsu bai kai ɓawon albasa ba. Daga zuciya har jijiyar da ke ƙarshen yatsa, da su aka shimfiɗe cikin kowace hanyar jini. An daɗe ana zaton santsin ne kawai aikinsu. Ashe su ke ba da umarni. In jini ya taho da ƙarfi yana gogarsu, kamar in mutum na tafiya ko ya ɗauki kaya, sai su ji, sai su haɗa wata iska. Suna haɗa ta ne daga wani sinadari da jiki ke samu a nama da wake da gyaɗa, da kuma iskar da muke shaƙa. Sunanta naitirik oksaid. Ita ke ratsawa cikin wannan naman mai kauri na bangon jijiya, sai ya saki, hanya ta buɗe, jini ya wuce. Kafin ka ja numfashi ka sauke ta ɓace, don haka kullum sai an yi sabuwa. Ita ce kuma ke hana jini mannewa a bango ya daskare."

Wani tsohon mai allura ya ɗaga hannu. "Likita, ai mu an koya mana iska a jijiya kisa take."

"Waccan kumfa ce, Malam. Wannan a narke take, kamar gishiri a miya, kuma 'yar kaɗan ce."

Wani daga baya ya ce ashe da gaskiyar tsofaffi da suke cewa kowane ciwo iska ce. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce masu bincike sun gwada, in aka goge shimfiɗar nan daga jijiya, abin da a da yake sa ta saki ba ya ƙara sa ta. Taba, ciwon suga, hawan jini da tsufa duk suna cinye shimfiɗar, iskar ta ragu, hanya ta zauna a tsuke. Ƙwayar ƙarƙashin harshe kuwa, in ta shiga jiki, wannan iskar take komawa. Aro ne ake yi wa jiki daga waje. Abin da Mista Bitrus ya ce bai sani ba ke nan. A lokacin ya riga ya koma garinsu ya rasu.

Sai ta ciro shuɗiyar ƙwayar daga aljihu ta ɗaga. Kowa ya koma kallon takalminsa.

"Kun san ta, kar ku yi mini kamar ba ku sani ba. Wannan ba ta yin iskar. Abin da take yi, tana hana saƙon iskar gogewa da wuri. To in mutum ya sha ta, ya zo ya sa ta ƙarƙashin harshe a kai, ɗaya na ƙara iska, ɗaya na hana umarninta wucewa. Duk hanyoyin jini su buɗe lokaci guda. Ku ɗauka tanki ɗaya ne a unguwa, aka buɗe duk famfuna. Na saman bene ko ɗigo ba zai gani ba. Saman benen shi ne ƙwaƙwalwa. An riga an kawo mini mutum a haka, bai koma gida ba. Kuma ba a haɗa su a yini ɗaya, ko da ɗaya da safe ɗaya da dare."

Ba a daɗe da wannan ba, wata rana da hantsi ina tace ruwan da nake jiƙa yashi, sai na ji ihu daga tsallaken titi. A lokacin an ba Alhaji Sada shugabancin jam'iyya na mazaɓarsu, ofishin yana saman wani bene da ke kallon shagon nan. Sai ga mutane sun ɗauko shi ranga-ranga, hula ta faɗi, ana ta salati. Suka shigo da shi suka jingina da kanta. Babban ɗansa Kabiru, ma'aikaci ne a sakatariya, yana biye da 'yar kwalbar a hannu yana ƙoƙarin buɗewa.

"A matakala ƙirjin ya kama shi," in ji Kabiru. "Ya sa guda, sai kawai ya sulale. Bari in ƙara masa, ai ya ce in ɗaya ba ta yi ba a ƙara."

Na riƙe hannunsa. "Dakata in auna."

Wani na cewa a yayyafa ruwa, wani na cewa a zaunar da shi sosai, wani na rantsuwa jifa ce daga 'yan adawa. Na taɓa wuyan hannunsa, bugun kamar zare. Gumi mai sanyi ya jiƙa riga, leɓe ya yi fari. Na sa aka kwantar da shi a ƙasa, na tura kwalayen auduga ƙarƙashin ƙafafunsa suka ɗaga sama. Na naɗa ɗamara na hura. Zaiba ta wuce inda na saba jin bugunsa, shiru. Ta ci gaba da sauka, shiru. Sai can ƙasa, wajen rabin nasa na kullum, na ji ɗan bugu kamar daga wani ɗaki.

Na karɓi kwalbar daga hannun Kabiru na sa a aljihuna. Ko mene ne sanadi, jini a nan ba a ƙara masa wannan. Amma Baba ya yi shekaru yana sa ƙwayar nan, har a tsaye in ya yi taurin kai, ba ta taɓa kayar da shi haka ba. Zai yiwu zuciyar ce ta tafi. Zai yiwu kuma ɗaya abin ne. Na san in aka kai mai ciwon ƙirji asibiti, da zarar jini ya ɗan ɗago, irin wannan maganin za a ƙara masa. Dole a sani kafin a isa.

Da ƙafafun suka ɗan jima a sama, ya buɗe ido.

"Jama'a, ku ba shi iska, kowa ya fita," na ce. Kabiru ya tsaya. Na ce masa, "Mota mai kujera ba za ta yi ba, a kwance za a kai shi. Je ka samo a-kori-kura, ka sa katifa a baya."

Ya fita da gudu. Na tura ƙofa, na durƙusa daidai kansa.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji, Lawali."

"Zan tambaye ka abin da bai kamata ɗa ya tambayi uba ba. Shuɗiyar ƙwayar nan da ake yayi, ta maza. Ka sha?"

Ya kau da kai wajen bango. Na ji motsin mutane a waje, ana leƙe ta taga.

"Da ubanka na raye," in ji shi a hankali, "ba ka yi mani zancen ga."

"Da yana raye shi zan sa ya tambaye ka, Baba. Ba ya nan. In aka kai ka asibiti ba a sani ba, za a ƙara maka irin ta ƙarƙashin harshe. In ka sha waccan, ba za ka tashi ba."

Ya rufe ido har na ɗauka ya sake suma. Na kai hannu wuyansa. Sai ya ce, bai juyo ba, "Bayan asuba. Guda. Wani ɗan kwangila ya ba ni." Ya ja numfashi. "Kabiru kar ya ji."

"Likita kaɗai."

Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, ni na riƙe ƙafafunsa a kafaɗata har asibiti, Kabiru na riƙe da kan mahaifinsa yana ta addu'a. Allah ya sa Dakta Binta na nan. Tana tahowa na tare ta a baranda, na faɗa mata abin da na auna, sannan na rage murya na faɗa mata ɗayan.

"Ka tabbata?"

"Daga bakinsa."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta sa aka ɗaga ƙarshen gado, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ta hana a matso da duk wani magani na dangin ƙwayar nan kusa da shi. Kafin la'asar jinin ya fara ɗagowa. Ya kwana biyu a asibiti, aka duba zuciyar aka ga ba ta yi mummunan lahani ba, aka sallame shi. Abin da likita ta faɗa masa su biyu, ban ji ba.

A ƙofar ɗakin Kabiru ya tare ni. "Yaya Lawali, wai me ya same shi?"

"Jininsa ne ya sauka."

"Haka kawai?"

"Sauran bayani na likita ne."

Ya dube ni, ya bar maganar. 'Yan jam'iyya kuwa suka baza gari cewa jifa aka yi masa a matakala, har aka yi saukar Alƙur'ani a ofishin. Alhaji bai musa ba, ni ma ban musa ba.

Daga ranar bai sake shigowa shagon nan ba. Direba yake aikowa karɓar magani, awon jini kuma ya koma yi a asibiti. In ya hango ni a titi sai ya ga wani abu a ɗaya gefen da ke buƙatar kallo. In muka haɗu a masallacin Juma'a ko wurin jana'iza, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa a gajarce yana kallon carbinsa. Mahaifiyata ta tambaye ni ko na yi wa Baba wani laifi, na ce ban san da shi ba. Ba daɗi, mutumin da ya ɗauke ka kana jariri. Amma a sana'ar nan akwai irin wannan, wani in ka san abin da ya ɓoye ba zai ƙara iya haɗa ido da kai ba. Ka ci gaba da ba shi magani mai kyau, shi ke nan.

Bayan 'yan watanni, wata rana bayan azahar, irin lokacin nan da ba kowa, sai ga wani dattijo mai sayar da katako, sa'an Alhaji. Ya tsaya bakin ƙofa ya dubi dama da hagu, sannan ya shigo. Muka gaisa har da tambayar 'yan uwan da ban san ya sani ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya riƙa fito da abubuwa yana jerawa a kanta: na hawan jini, na suga, wani ƙulli na gargajiya, 'yar kwalba mai ruwan ƙasa. Ya ɗan tsaya, ya ciro na ƙarshe daga cikin hula, shuɗiya, ya ajiye can gefe kamar ba tasa ba.

"Sada ya ce in zo ka duba mani," in ji shi.

Na ware masa waɗanda ba sa haɗuwa, na yi masa bayanin shimfiɗa da iska da tanki yadda aka yi mana, na tura shi wurin likita. Bayansa wani ya zo, mai gidan burodi. Bayan shi wani tsohon hedimasta. Duk a irin wannan lokacin, duk da kalma ɗaya a baki, Sada ya ce. Cikinsu akwai waɗanda ke ɗauke da biyun nan a aljihu ɗaya.

Hedimastan ne, da ya gama tattara kayansa zai fita, na tambaye shi, "Malam, wai me Baba yake ce muku?"

Ya gyara gilashi. "Ba ya cewa komai a kan kansa. Cewa yake, ku je wurin yaron nan na Ƙofar Kaura. Ba shi da kunya, amma ba shi da baki."

Alhaji ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, ya aurar da jikoki, wani ciwo daban ne ya ɗauke shi. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, Kabiru na gefena. Har ya koma ga Allah, ni da shi ba mu sake tayar da zancen ba.